DAGA ƘOƘON BARA ZUWA TAKARDAR ƊAUKAR AIKI: Tarihin Dokar Naƙasassu da Nauyin da Ta Ɗora wa Shugabannin Ma'aikata

 Kafin in shiga tarihin da na yi niyyar kawo muku a wannan fitowa, bari in fara da tona wa kaina asiri.

A shekarar 1997, wato 'yan watanni bayan da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa, ina riƙe da wani ƙaramin ofis a nan garin, da ma'aikata kamar goma sha biyu a ƙarƙashina. Aiki ya yi mana yawa, muna neman mai buga tafireta ruwa a jallo. Wata rana da hantsi masinja ya leƙo ya ce, "Ranka ya daɗe, ga wani gurgu can ƙasa yana son ganinka." Ko ɗaga kai ban yi ba. Na laluba aljihu na zaro naira 20, Murtala guda, na ce ya miƙa masa. Jim kaɗan sai ga masinja ya dawo da kuɗin, haɗe da wata ambulan. Ya ce, "Yallaɓai, ya ce ya gode, amma shi aiki ya zo nema." Na buɗe ambulan, sai ga takardar shaidar gama sakandare, da ta koyon tafireta, da takardar neman aiki an buga ta tsaf, babu kuskure ko ɗaya.

To, ofishina a saman bene yake. Shi ba zai iya hawowa ba, ni kuwa ban sauka ba. Na ce a gaya masa babu gurbi. Bayan mako biyu muka ɗauki ɗan wani abokina, wanda yake buga takarda ɗaya da yatsa biyu har azahar. Ban sake jin labarin yaron nan ba. A ranar ban karya wata dokar da wani alƙali zai kama ni da ita ba. Amma yau wanda ya aikata irin abin da na aikata ya yi laifi a idon doka, kuma akwai diyyar da za a ɗora masa. Yadda aka yi aka taso daga can zuwa nan shi ne tarihin da nake so mu duba tare, musamman da yake a cikinmu akwai daraktoci da hedimastoci, da masu shaguna da gareji, da masu injin casar shinkafa, wato masu cewa "zo gobe ka fara" ko "babu gurbi".

Zamanin sarauta da sadaka

Bahaushe bai taɓa jefar da naƙasasshensa a daji ba, wannan gaskiya ce. Tun kafin zuwan Turawa, manyan biranenmu suna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare. A Kano unguwar makafi tana wajen Dala, kuma Sarkin Makafi yana da fadawansa da masu riƙe da sarautu a ƙarƙashinsa, kamar dai yadda fadar Sarki take. Shi ne mai sasanta rigima tsakanin jama'arsa, shi ne mai sauke baƙon makaho idan ya shigo gari, shi ne kuma bakinsu a gaban hukuma.

Wannan tsari ya bi Hausawa duk inda fatauci ya kai su. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, da ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya tarar da makafi da guragu da kutare kowanne da sarkinsa a ƙarƙashin Sarkin Hausawa. Mu da kakanninmu suka gangaro nan ƙasar Lafiyan Barebari da jakunan fatauci, wasu kuma suka biyo layin dogo bayan an shimfiɗa shi a shekarun 1920, ba mu zama baƙin wannan tsari ba.

Kuma ba duka ne suka dogara da bara ba. An san makafin Kano da tufkar igiya. A fagen ilmi kuwa makanta ba ta taɓa hana mutum zama alaramma ba. Ga Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar Imfiraji, wanda bai gani da ido ba, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, kuma har ya rasu a 1990 ana karanta waƙarsa a makarantu. Malamanmu ma suna yawan tuna mana da Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon sahabin nan da ya yi ladanci, aka kuma sha barin Madina a hannunsa idan an fita.

Sai dai fa akwai inda tsarin ya tsaya. Al'ada ta ba naƙasasshe sarki, ta ba shi unguwa, ta ba shi ƙofar masallaci ranar Juma'a, amma ta saba masa da zama mai karɓa. Da zarar an haifi yaro makaho, ko shan inna ya kama ƙafarsa, kowa ya riga ya yanke masa sana'a, ƙoƙo ne da ɗan jagora. Wannan tunani ne ya sa hannuna ya tafi aljihu tun kafin in ji abin da ya kawo yaron nan.

Zuwan Turawa: sansani da makaranta

Turawan mulki sun kalli naƙasa a matsayin sha'anin likita. Babbar damuwarsu ita ce kuturta, don haka aka kafa sansanonin kutare a bayan gari, irin su Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, waɗanda En'e ta miƙa wa mishan ta SIM a wajen 1937. An yi magani a waɗannan wurare, an kuma koya wa wasu sana'a, amma manufar ita ce a keɓe su daga jama'a. A 1943 mishan ɗin ta buɗe asibitin ido a Kano, wanda har yanzu mutanenmu suke zuwa.

Abin da ya fi sauya al'amari shi ne makaranta. A 1953 mishan ta SUM ta buɗe makarantar yara makafi a Gindiri, can cikin Filato, wadda ita ce ta farko irinta a Nijeriya. Can aka fara koya wa yaranmu rubutun makafi, wanda ake karantawa da yatsa. Daga cikin waɗanda suka fito daga Gindiri akwai Bitrus Gani, wanda ya yi karatun gashin ƙashi da motsa jiki a Ingila, ya dawo ya yi shekaru yana aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, har ya shugabanci sashensa. Daga baya kuma aka samu Jibril Isa Diso na Kano, makaho, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero har ya kai matsayin farfesa.

To, daga nan ne matsala sabuwa ta kunno kai. Muddin makaho bai yi boko ba, babu mai tambayar ko za a ɗauke shi akawu. Amma da ya fito da takarda a hannu, sai ya tarar da ƙofar ofis a rufe. Ƙa'idar aikin gwamnati da muka gada daga Turawa ta ce sai likitan gwamnati ya tabbatar da lafiyar mutum kafin a ɗauke shi, kuma shugabanni da yawa sun fake da wannan suna korar duk wanda suka gani da sanda. Dokar ƙwadago ta lokacin abin da ta sani kawai shi ne diyya: idan inji ya cinye hannun lebura, a lissafa masa 'yan kuɗi, a sallame shi. Abin da zai ci bayan kuɗin sun ƙare, wannan ba ruwan kowa.

Dokar soja ta 1993 da abin da duniya take ciki

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 1981 a matsayin shekarar naƙasassu. A 1983 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya mai lamba 159 a kan horar da naƙasassu da sama musu aiki. Sa'an nan a ranar 26 ga Yuli, 1990, Shugaba George Bush na Amurka ya sa hannu a kan wata doka da ta zama abin koyi ga ƙasashe da yawa. Ingila ma ta yi tata a 1995.

Sabon abin da dokar Amurka ta yayata shi ne wannan: bai isa ba mai ɗaukar aiki ya ce "ni ban hana kowa nema ba". Wajibi ne ya yi ɗan gyara daidai gwargwado domin naƙasasshen da ya cancanta ya iya aikin, muddin gyaran ba zai durƙusar da ma'aikatar ba. Alal misali, a sauko da teburinsa ƙasa, ko a sauya masa lokacin shigowa, ko a samo masa na'urar da yake buƙata. Wato an daina cewa laifin ƙafarsa ne da bai hau bene ba, an koma tambayar wanda ya ajiye aikin a saman bene.

Mu ma nan ba a bar mu a baya ba, a kan takarda. A 1993 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fito da dokar soja a kan naƙasassu. Abin da ke cikinta har ya fi na yau zafi. Ta ce duk mai ɗaukar ma'aikata ya keɓe wa naƙasassu aƙalla kashi 10 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma yi wa kamfanoni masu zaman kansu alkawarin rangwamen haraji na kashi 15 cikin 100 idan sun ɗauke su. Amma kowa ya san abin da ya faru a 1993: soke zaɓen 12 ga Yuni, gwamnatin riƙon ƙwarya, sa'an nan Janar Abacha. Dokar ta kwanta a cikin durowa, ba a yi aiki da ita ba. Ni kaina a 1997 ban taɓa jin labarinta ba, kuma ban san wani abokin aikina da ya ji ba.

Naƙasassu kuwa ba su zauna jiran gwamnati ba. A Kano waɗanda shan inna ya naƙasa sun haɗa kai suka kafa ƙungiya, suna walda suna ƙera kekunan guragu masu ƙafa uku, suna sayarwa suna koya wa na baya. A 1988 Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro ƙwallon guragu, wadda ake bugawa da hannu a kan katako mai taya, ta kuma bazu har wasu ƙasashe. Irin waɗannan ne suka sa maganar nan ta kama bakin mutane, cewa babu naƙasasshe sai kasasshe.

Shekara ashirin ana kai gwauro ana kai mari

Da aka dawo mulkin farar hula, tsarin mulkin 1999 a sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko asali ko jinsi ko addini ko ra'ayin siyasa, amma bai ambaci naƙasa da sunanta ba. Saboda haka ƙungiyoyin naƙasassu suka duƙufa neman doka ta musamman.

A Disamba 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu. Nijeriya ta sa hannu a 2007, ta tabbatar da ita a Satumba 2010. Amma yarjejeniyar waje ba ta zama doka a kotunanmu sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita dokar gida. Majalisa ta zartar da ƙudurin a 2011, ta sake zartarwa a 2015, duka biyun Shugaba Goodluck Jonathan bai sa hannu ba. A wannan tsakanin wasu jihohi suka gaji da jira. Maƙwabciyarmu Filato ta yi tata dokar tun 2005, Legas ta yi a 2011.

A 2018 Majalisa ta sake zartar da ƙudurin. A tsakiyar Janairu 2019, ana dab da zaɓe, aka yi wa Shugaba Muhammadu Buhari tambaya a kansa a wani shirin talabijin, ya nuna cewa bai iso gare shi ba. Naƙasassu suka fito zanga-zanga a Abuja, da kekunansu da sandunansu. Ba a cika mako ba, ranar 23 ga Janairu, 2019, aka ba da sanarwar ya sa hannu. A 2020 aka kafa Hukumar Naƙasassu ta Ƙasa, aka naɗa James Lalu, wani kurma daga Filato, ya zama sakataren zartarwarta na farko. A 2024 Ayuba Gufwan, wanda shi ma shan inna ya naƙasa tun yana yaro, ya gaje shi.

Rabon Lafiya a cikin wannan tarihi

Mu mutanen Lafiya muna da abin da sauran garuruwa ba su da shi a wannan labari, domin mun ga misali da idonmu. Alhaji Umaru Tanko Al-Makura, haifaffen garin nan, ya sha faɗa a bainar jama'a cewa zazzaɓin Lassa ya kama shi, ya rasa ɗansa, shi kuma ya tashi da matsalar ji, har sai da taimakon na'ura. Masana lafiya sun ce kusan mutum ɗaya cikin huɗu da suka tsira daga wannan zazzaɓi yakan samu matsalar kunne. To, wannan bawan Allah ya tsaya takarar gwamna a 2011 a jam'iyyar CPC, ya kayar da gwamna mai ci, Alhaji Aliyu Akwe Doma, ya yi shekara takwas yana mulkin jihar nan, daga nan ya tafi Majalisar Dattawa daga 2019 zuwa 2023. Ba siyasa nake yi ba, kowa da ra'ayinsa a kan mulkinsa. Tambayata ita ce, in da a ce yana saurayi marar gata ya zo ofishinka neman akawu, ka lura sai ka ɗaga murya yake ji, da ka ɗauke shi?

A zamaninsa aka gina makarantar yara masu buƙata ta musamman a nan Lafiya, domin makafi da kurame da guragu, wadda Shugaba Buhari ya zo ya buɗe a Fabrairu 2018. A shekarar ce kuma jihar ta samu dokarta ta kafa hukumar kare haƙƙin naƙasassu, wato ta riga ta tarayya. Ku lura da kyau, 'yan'uwa. Yaran da suka shiga wannan makaranta suna ƙanana, yanzu sun fara zama samari da 'yan mata. Abin da ya faru da 'yan Gindiri shi zai faru da su: za su fito da takarda a hannu. Wasu za su wuce Jami'ar Tarayya ta Lafiya ko ta jiha da ke Keffi. Daga nan sai ina? Sai ƙofar ofisoshinmu da shagunanmu.

Me dokar ta ce wa mai ɗaukar aiki?

Ga muhimman abubuwan da ya kamata kowane manaja da shugaban sashe ya riƙe daga dokar tarayya.

Na farko, sashe na 1 ya hana kowa, mutum ne ko ma'aikata, nuna wa wani bambanci saboda naƙasarsa ta kowace fuska. Idan kamfani ne aka samu da laifi, tarar naira miliyan 1. Idan mutum ne, tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Wannan kuma bai hana wanda aka zalunta shigar da ƙarar neman diyya ba.

Na biyu, sashe na 28 shi ne na aiki. Ya ce naƙasasshe yana da haƙƙin yin aiki daidai da kowa, ya nemi abincinsa ta sana'ar da ya zaɓa. Mutumin da ya saɓa wa wannan zai biya wanda ya zalunta diyyar da ba ta gaza naira 250,000 ba. Kamfani zai biya abin da bai gaza naira 500,000 ba. Sa'an nan duk wani babban jami'in kamfanin da yake da hannu a ciki zai biya naira 50,000. Wannan na ƙarshen shi ne ya shafe mu kai tsaye, domin ya nuna cewa ba za ka ɓuya a bayan sunan kamfani ba.

Na uku, sashe na 29 ya ce ma'aikatun gwamnati su yi iyakar ƙoƙari su ga naƙasassu sun kai aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu. Wato cikin kowane ma'aikata ashirin a samu ɗaya. Mai riƙe da ma'aikata a cikinmu ya ɗauko rajistarsa ya ƙirga.

Na huɗu, gine-gine. An ba da wa'adin shekara biyar domin a gyara duk ginin da jama'a suke shiga yadda mai keke da makaho za su iya shiga. Wa'adin nan ya cika tun Janairu 2024. Jami'in da ya amince da taswirar sabon gini irin wannan ba tare da an tanadi hanyar naƙasassu ba, yana fuskantar tarar naira miliyan 1 ko ɗaurin shekara biyu, ko duka biyun.

Na biyar, dokar ta haramta amfani da naƙasasshe wajen bara, ko yawo da shi ana nuna shi domin a tara kuɗi.

Wani zai ce ai dokar Abuja ce. To, a sani sha'anin ƙwadago yana cikin abubuwan da tsarin mulki ya keɓe wa Gwamnatin Tarayya, kuma tun gyaran da aka yi wa tsarin mulkin a 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce take sauraron ƙarar nuna bambanci a wurin aiki. Ga kuma dokar jiha a gefe. Bugu da ƙari akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ɗora wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da suke biya a asusun hukumar NSITF, domin ma'aikacin da ya naƙasa a bakin aiki ya samu magani da diyya da taimakon komawa sana'a.

Inda gizo yake saƙar

Gaskiya ɗaya ce, har yanzu aiki da dokar nan bai kai yadda aka rubuta ta ba. Duk wanda ya zaga gari zai ga gine-ginen da wa'adinsu ya wuce, matakalarsu tana nan yadda take. Kuɗin tarar ma, da yadda naira ta faɗi, ba su da nauyin da suke da shi a 2019. Kuma talakan da aka hana aiki ba shi da kuɗin lauya. In muka yi sake, abin da ya samu dokar 1993 shi zai samu wannan. Ashe ke nan doka tana rayuwa ne ko ta mutu a kan teburin wanda ake kai wa takardar neman aiki.

Daga kuskurena da abin da na gani a shekarun aiki, ga shawarar da zan ba ƙannena da 'ya'yana da suke riƙe da ma'aikata yau.

Idan naƙasasshe ya zo, ka fara tambayarsa abin da ya kawo shi kafin hannunka ya tafi aljihu. Idan neman aiki ya zo, ka gwada shi da aikin kansa, kamar yadda za ka gwada kowa. Tela ne, ba shi yadi. Mai gyaran waya ne, ba shi wayar da ta lalace. Kada ka zauna kana yanke masa abin da zai iya da abin da ba zai iya ba, shi ya fi ka sanin jikinsa. Ka tambaye shi, "Me kake buƙata domin ka yi aikin nan?" Za ka yi mamakin arahar amsar. Sau da yawa buhun siminti biyu ne a yi gangara a bakin ƙofa, ko a ba shi ɗaki a ƙasa, ko a faɗaɗa ƙofar bayi. Makaho yau yana aiki da kwamfuta da waya ta hanyar manhajar da take karanta masa abin da ke kan allo. Kurma kuwa, a rubuta masa umarni, a fuskance shi idan ana magana, a nemo mai fassara da hannu ranar babban taro.

Idan ka ɗauke shi, albashinsa ya zama daidai da na mai irin aikinsa. Kada ka rage da sunan ai taimakonsa kake yi. Kada a tsallake shi ranar ƙarin girma ko tura ma'aikata kwas. Kada kuma ka ajiye shi a lungu yana karɓar albashi ba ka ba shi aiki, wannan ma ƙoƙon bara ne aka sauya masa suna. Idan ya yi laifi ka yi masa faɗa kamar kowa. Ka hana yaranka kiransa da sunan lalurarsa, yana da sunan da ubansa ya yanka masa rago. Abin da likita ya rubuta a kansa kuma amana ce, ba hirar teburin mai shayi ba.

Sai kuma babba, wato ma'aikacin da ya zo maka lafiya lau, lalura ta same shi a hannunka. Direban da ya yi haɗari a hanyar Akwanga ko ta Makurɗi, yaron da bel ɗin inji ya kama wa hannu, akawun da ciwon suga ya taɓa wa ido, malamin da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki. Kafin ka rubuta takardar sallama, ka duba ko akwai wani aikin da zai iya. Direban da ba zai sake riƙe sitiyari ba ya san mota ciki da waje, zai iya riƙe maka sito ko lissafin lodi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya yana da wata naƙasa, kuma da yawansu ba da ita aka haife su ba. An ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu Hausawan da muke zaune nesa da garuruwan kakanninmu mun san ɗacin a duba takardun ɗanka a ce sun yi, sa'an nan a tsayar da shi a kan abin da ba shi ya zaɓa wa kansa ba. Wanda ya san wannan ɗaci bai kamata ya ɗanɗana wa wani ba.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu su sa wannan magana cikin abubuwan da za a tattauna a taro na gaba. A ƙirga matasanmu masu lalura da suke da takarda ko sana'a, unguwa unguwa, a kuma ƙirga masu shago da gareji da makaranta da suke shirye su ɗauki ko da mutum ɗaya. Zauren da muke taro ma a duba matakalarsa.

Shi kuwa yaron da na hana aiki a 1997, in yana raye yanzu ya ba hamsin baya ko ya kusa. Idan wannan mujalla ta faɗa hannunsa, ko hannun wanda ya san labarin, ina neman gafararsa. Allah ya yafe mana kurakuranmu, ya ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda ke ƙarƙashinmu. Amin. Wassalam.